Mota Mai Kujera Biyu a Lungun Nima

A gidan da nake haya a unguwar Nima mota ɗaya ce tak ta taɓa shiga tsakar gida, ita ma ba da ƙafarta ta shigo ba, gutsure-gutsure aka riƙa shigo da ita. Ni ba direba ba ne, tela ne, har yau ban san bambancin giya ta ɗaya da ta biyu ba. Amma an yi mini kujera a cikin wannan motar, kuma a kanta nake zaune yanzu da nake tuna wannan labari.

A Ankara aka haife ni, wato Akra, amma mahaifina Bakatsine ne. Shekarar da aka ce baƙi su koma ƙasashensu, shi da mahaifiyata da ƙannena suka hau babbar mota suka tafi. Ni ina da takardar haihuwa, ga keken ɗinki na saya sabo, sai aka ce in tsaya in ga yadda abin zai kaya, in ya yi tsanani in biyo baya. Abin bai yi tsananin da zai kore ni ba, bai kuma yi daɗin da zai dawo da su ba. Haka na zauna. Gidan hayar cike yake maƙil, Zabarmawa da Mosawa da Dagombawa da Kotokoli, kowa da iyalinsa da hayaƙin murhunsa. Ni kaɗai ne nake cin abinci a kwano ɗaya da hannu ɗaya. Suna ce mini Malam Tela, suna tsokanata wai Hausata irin ta rediyo ce. Ana gaishe ni, ana kawo mini ɗinki, ana aiko mini da tuwon suna, amma in magariba ta yi kowa ya san ƙofar da zai shiga a yi masa sannu da zuwa. Kaɗaici a cikin taro ya fi na daji ciwo, na ɗanɗana na sani.

Ɗakin da ke kallon nawa na wani dattijo ne mai bugun bodin mota a unguwar Kawukudi, kowa Masta yake ce masa. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aure a Tamale. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kunnensa ɗaya guduma ta kashe shi, don haka in zai saurare ka sai ya juyo maka da gefen fuska kamar zakara. Mun daɗe tsakaninmu ba abin da ya wuce ina kwana da ina gajiya.

Gyaɗa ce ta haɗa mu. Wata rana na je Kasuwar Malam Atta sayen zare, na sayo soyayyar gyaɗa, mai gyaɗar ta ƙulle mini ita a cikin takardar wata mujallar Turawa mai sheƙi. Ina zaune a bakin ƙofa ina ci, Masta ya dawo daga aiki, ya wuce ni, ya dawo da baya.

"Tela, in ka gama, ba ni takardan."

Na juye gyaɗar a hula na miƙa masa. Ya shimfiɗa ta a cinya yana goge maiƙon da babban yatsa. Zanen wata jar mota ne, ƙasa-ƙasa da ita kamar an taka ta, hancinta ya kusa lasar titi. An ja wasu fararen layuka sun taso daga gabanta, sun bi ta kanta, sun sauka ta baya. Rubutun ba Ingilishi ba ne. Sai da Masta ya kai wa wani mai aikin jirgin ruwa a garin Tema, shi ya ce masa yaren Italiya ne, kuma motar ba ta fito ba, zane ne na abin da ake shirin ƙerawa.

Da ya dawo da wannan labari, ɗakina ya fara tsayawa, abin da bai taɓa yi ba.

"Ka ji, Tela? Ba a yi shi ba tukuna. Turawa na nan na tunani."

Na ce, "To, Allah Ya ba su sa'a."

Ya ce, "Zan riga su."

Na yi dariya har da tari. Shi bai yi ba. Ya ja kujerar da masu kawo ɗinki ke zama ya zauna, ya ce in ba shi alli. Da allin da nake zana yadi ya zana mini motar a sumintin ɗakina, ya yi ta bayani har aka kira isha'i. Ban fahimci rabinsa ba. Abin da na fahimta shi ne an yi hira a ɗakina, kuma da ya tafi na ƙi share zanen.

Mai gidan hayar ya ba shi wani lungu na tsakar gida inda tsohon kicin ya rushe. Kafin ya buga ƙarfe ko ɗaya, Masta ya ɗauki igiya ya auna ƙofar gida, ya auna lungun da ya fita zuwa titi, ya ƙulla ƙulli a inda faɗin ya tsaya, ya rataye igiyar a ƙusa. Ya ce motar ba za ta wuce wannan ƙullin ba. Na yaba wa hankalinsa a lokacin.

Injin ya samo shi daga wata 'yar mota mai kama da kunkuru, irin wadda injinta ke can baya kuma iska ke sanyaya shi ba ruwa ba. Amma shi ba a baya ya sa shi ba, ba kuma a gaba ba. Ya juya shi ya dasa shi a tsakiya, daidai bayan mazaunin direba, gaban tayoyin baya. Na tambaye shi wannan wace irin bidi'a ce.

"Ka taɓa tura kura a kasuwa?" ya ce. "In ka sa kaya a gaba, ya ja ka. In ka sa a baya, ya ɗaga hanci. Ka sa a tsakiya, ka juya shi da yatsa ɗaya. Injin goyo ne, Tela. A gadon baya ake ɗaure shi."

Goyon kuwa ya cinye wurin kujerun baya, saura kujera biyu kawai. Nan mutanen gida suka samu abin yi. A Zango, wato unguwanninmu na baƙi, mota ana auna ta ne da yawan mutanen da za ta kwasa zuwa suna da biki da maƙabarta. Wata Hajiya mai sayar da koko a ƙofar gida ta zo ta leƙa ƙarafan, ta riƙe haɓa.

"Ei, Masta! Ina ragon Sallah zai zauna? Ina kayan amarya? Wannan mota ne ko makara?"

Wani ya ce ai ta yi kama da dutsen gugar tela, mai tsini a gaba da faɗi a baya. Sunan ya bi ta, har mutanen Mamobi, unguwar da ke maƙwabtaka da mu, suna tambaya ko Dutsen Guga ya yi zafi. Haushi ya kama ni a madadinsa, amma da na shiga ɗaki na dubi dutsen gugata na gawayi, sai na ga ba su yi ƙarya ba.

Maganar iska kuwa da rigata ya koya mini. Ya ce in tuna ranar da na hau keke da babbar riga a hanyar bakin teku. Na tuna, rigar ta kumbura ta riƙa ja na baya, ina taka feda kamar ina hawan dutse. Ya ce to haka iska ke yi wa kowace mota, sai dai ba a gani. Fararen layukan nan na takarda hanyar iska ce.

"Iska baƙo ne," in ji shi. "Ka tarbe shi da kyau a gaba, kar ka sa masa kwana, kar ka sa masa aljihu. Ka raka shi har baya ka sallame shi. In ba ka sallame shi da kyau ba, ya riƙe maka riga."

Shi ya sa ya kwantar da gilashin gaba har ya kusa zama rufi. Shi ya sa ya buɗe wasu kafofi biyu a gefe, bayan ƙofofi, don iska ta shiga ta sanyaya injin. Bayan motar kuma bai ja shi ya yi tsini ba, ya datse shi kamar an yanka burodi, ya ɗan ɗaga leɓensa sama, wai don iska ta danne tayoyin baya a ƙasa in gudu ya yi gudu. Ni da nake yanka yadi na gane wani abu a nan. Riga ma ba adon wuya ke sa ta yi kyau ba, yadda ta sauka daga kafaɗa ne. Na faɗa masa haka, ya juyo da kunnensa mai ji, ya ce in maimaita. Daga ranar ya riƙa kira na in duba masa layin gefe kafin ya yi walda, in na ce ya karye a wuri kaza sai ya mayar kan kututture ya sake bugawa.

Haka yammacinmu ya koma. In an yi la'asar na rufe keke, shi ya dawo daga Kawukudi da guntun ƙarfen motar da ta yi hatsari a kafaɗa, na dafa shayi kofi biyu. Ya sassaƙa ƙaramar motar da itace, muka ɗora ta a kan benci, muka kunna fanka, muka riƙe turaren tsinke a gabanta muna kallon yadda hayaƙi ke bin jikinta. Matan gida suka hana yara zuwa wajen, wai Masta da Tela sun fara tsibbu. In an ɗauke wuta ni ne fanka, da faifai.

Wata rana ya ce in zauna a ƙasa in jingina da buhun yashi. Ya karɓi tef ɗin awon da ke wuyana ya shiga auna ni, daga ƙugu zuwa kafaɗa, daga gwiwa zuwa diddige.

Na ce, "Masta, likkafani za ka yi mini?"

"Kujeran ka ne. Na biyu. Wa kake so ya zauna, Hajiya mai koko?"

Na auna mutanen da ban san iyakarsu ba, ango da gawa da ɗan makaranta, amma ba wanda ya taɓa auna ni. Na kawar da kai don kada ya ga idona. Ya bugi ƙarfen kujerar daidai lanƙwasar bayana, har da ɗan doron da keken ɗinki ya yi mini, ni kuma na ɗinka mata rufi da baƙar leda da soso. Ba ta fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba. Duk lokacin da ya sa ni na shiga don gwaji, fitowa sai ta gagare ni, sai ya miƙo hannu ya finciko ni yana cewa tela ba shi da gwiwa.

Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana, amma sun ƙara da cewa sai dai a daɗe ba a je ba. Mun daɗe. Shekarar yunwa ta zo, aka riƙa layin burodi da na kananzir, masu kawo ɗinki suka koma kawo rage ƙugun wando. Masta ya rame har ƙashin wuyansa ya fito, amma bai ajiye guduma ba. A shekarar ce kuma aka koro mutanen unguwarmu da suka tafi Legas neman arziki, suka dawo gaba ɗaya, kowane gida ya cika ya batse. Ga tari ya kama shi, irin na masu fesa fenti, wanda ba ya jin magani.

'Yarsa ta zo daga Tamale ta same shi yana tari a durƙushe gefen motar. Mace ce mai natsuwa, ba ta ɗaga murya. Ina daga ɗakina ina jin su.

"Baba, ɗaki na nan na gyara maka. Jikokinka ba su san ka ba. Me kake jira a nan?"

"In na gama motan nan zan bi ki. Na rantse."

"Yaushe za ka gama?"

"Ranan da iska ya bi shi lafiya."

Ta juyo ta hango ni, ta rusuna ta ce, "Kawu, kai ne shaida." Na ce na ji. Tun daga ranar zuciyata ta rabu biyu. Ina so in ga motar a titi kamar yadda yake so, kuma na san ranar da ta hau titi lafiya, ranar zan koma dafa shayi kofi ɗaya. Duk da haka in ya tambaye ni ko layi ya miƙe, in ya miƙe ina cewa ya miƙe.

Ya gama ta bayan wata ƙaramar Sallah, ya fesa mata jan fenti. Wallahi ta yi kyau. Hajiya mai koko ma ta zo ta tsaya ta duba ba ta kushe ba, wanda a wajenta babban yabo ne. Masta ya sauko da igiyarsa daga ƙusa, ya gwada a faɗin motar, ƙulli ya zauna daidai. Ya fita lungu da igiyar don ya nuna wa matasa inda za su tsaya su tura. Na ga ya daɗe bai dawo ba, na bi shi. Na same shi tsaye, igiyar a hannu, rabinta na jan ƙasa.

Lungun ya tsuke. Maigidanmu ya fito da ɗaki ɗaya don ƙaninsa da ya dawo daga Legas. Maƙwabcinmu na can gefe ya ga haka shi ma ya matso da bangonsa. Wani ya kafa kes na sayar da sabulu, wani ya gina matakala a kan kwata. Ba wanda ya ci da yawa, kowa ɗan taku ɗaya ya ɗauka, kamar yadda ake yi a Nima. Mu kuma kullum muna bi ta nan, mun saba karkata kafaɗa in mun haɗu da mai tallan ruwa, ba mu taɓa tambayar kanmu yaushe muka fara karkatawa ba. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, namu idon dai igiyar da ke rataye ya yarda da ita.

Kunya ta hana ni kallon fuskarsa, don a can cikin raina wani abu ya yi sanyi. Na ce to shi ke nan, mota ba ta fita, Masta ba ya tafiya. Shi kuwa ya zauna a matakalar nan ta kan kwata ya yi tari mai tsawo, ya ce, "Turawa sun riga ni, ko?" Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙanƙanta haka ba, sai sanyin da na ji ya koma mini ɗaci.

Ladanin masallacinmu ne ya kawo mafita, kuma daga aikinsa ya samo ta. A unguwarmu motar gawa ba ta shiga lungu, a kafaɗa ake fitar da mamaci har titi, in an zo matsi a karkata makara a ɗaga ta sama da kai. Ya ce abin da ya fitar da manyan mutane zai fitar da ƙarfe. Aka cire injin da tayoyi da kujeru aka fitar da su a kura. Gangar jikin aka naɗe ta da tabarmi don kada fenti ya karce, majiya ƙarfi suka kinkime ta a gefe, suka shiga lungu da ita ranar wata Lahadi da safe.

Abin da ya biyo baya ba wanda ya shirya shi. Duk namijin da ya fito daga gida ya ga taro ɗauke da abu a naɗe cikin tabarma, sai ya sa kafaɗa ya ɗauka 'yan taku ya ba na baya, kamar yadda aka saba, ba tare da ya tambaya ba. Wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta fara salati tana tambayar wane ne ya rasu mai faɗi haka. Wani matashi ya ce mata, "Kaka, Dutsen Guga ne, bai mutu ba!" Aka yi ta dariya ana nishi har titi. Ina biye a baya ɗauke da kujerata a ka. Da muka fito ladan ya share gumi ya ce, "Masta, mun fitar, amma ba mai mayarwa." Kowa ya san gaskiya ya faɗa.

A garejinsa na Kawukudi aka mayar da komai. Gwajin iska kuma nawa ne. Na yanka jan zaren ulu guntu-guntu kamar tsawon yatsa, muka manna su da salatif a jikin motar, layi-layi daga hanci har baya, ta koma kamar kazar da aka fara figa. In iska na bin jiki lafiya, zaren zai kwanta ya miƙe. In tana rikicewa a wani wuri, zaren wurin zai tashi yana rawa. Muka zaɓi babbar hanyar siminti da ta tafi Tema, ita kaɗai ce ba ramin da zai haɗiye mota mai gajeren ciki irin wannan.

Na sa farar rigata ta Juma'a. Na buɗe ƙofa ina shirin shiga kujerata, Masta ya dafa kafaɗata.

"Tela, in ka zauna nan, wa zai ga zaren baya?"

Ya riga ya yi magana da wani mai tasi na unguwarmu. Zan shiga tasi mu bi gefensa, in duba gefe, in duba kafofin injin, in duba baya. Ya ce ba wanda ya san zare kamar ni, kuma ba wanda zai yarda da maganarsa sai ni. Gaskiya ce, amma ta yi mini zafi. Na rufe ƙofar a kan kujerar da aka auna da bayana, na je na zauna a tasi kamar fasinja.

Muka hau hanya. Motar ta yi wata ƙara ta miƙa, mai tasi ya taka iya ƙarfinsa don mu jera. Na fito da kai ta taga, iska ta tafi da hulata, ban ko waiga ba. Zaren hanci ya kwanta. Na rufi ya kwanta. Na gefe ya miƙe ya lanƙwasa ya shige cikin kafofin nan kamar ana zuƙarsa. Muka ja baya kaɗan na duba bayan motar, inda na sa rai. Ina neman zare ɗaya mai rawa kamar mai neman allura a yashi. Akwai ɗaya a kusurwar gilashin baya da ya ɗan karkaɗa, sai ya kwanta shi ma ya bi 'yan uwansa. Ta cikin gilashi ina hango farar hular Masta, da kujerar gefensa ba kowa.

Kusa da Tema ya sauka gefen hanya ya tsaya. Ya fito da rarrafe, yana tari, idonsa jawur. Bai tambayi mai tasi komai ba, ni ya nufo, ya juyo da kunnensa mai ji.

"Ya yi rawa?"

Ni tela ne. Duk Sallah sai na dubi idon mutum na ce masa gobe rigarsa za ta fito, alhali ban ko yanka ba. Kalma ɗaya zan faɗa mu koma bugun ƙarfe, ko da a Kawukudi ne, mu ƙara shekara ko biyu. Na dubi ƙashin wuyansa.

Na ce, "Ko ɗaya, Masta. Duk sun kwanta."

Ya ce, "Har baya?"

"Har baya."

Ya ce, "Yoo, to madalla." Ya zauna a kan dutsen gefen hanya ya rufe fuska da hula. Mai tasi ya zaci kuka yake, ni ma ban tabbatar ba.

A dawowa na shiga kujerata. Ta karɓe ni daidai, ba inda ta matsa ba inda ta yi sako-sako. Titi na gudu dab da gwiwata, manyan motoci sai tayoyinsu nake gani. Goyon da ke bayanmu kuwa ihu yake a kunne, zafinsa na ratsa leda har gadon bayana. Masta na ta magana yana nuna abubuwa da hannu, ni ina gyaɗa kai. Da muka tsaya a Kawukudi na ce masa ban ji ko kalma ɗaya ba. Ya yi dariya ya ce shi ma bai ji kansa ba. Ya zagayo ya miƙo hannu ya finciko ni. Shigata ta farko ke nan a kan titi, ita ce kuma ta ƙarshe.

Bai yi jinkiri ba, mutum ne mai cika rantsuwa. Hanyar arewa a lokacin ba ta motar da cikinta ke lasar ƙasa ba ce, don haka ya bar wa wani mai ɗaukar hoto a unguwar Alajo ita. Mutumin ya ajiye ta a ƙofar shagonsa, samari suna shiga da kayan Sallah suna riƙe sitiyari a ɗauke su. Na sha wucewa ta wajen, ban taɓa tsayawa ba. Ko motar Turawan ta fito, ko ta yi kama da tamu, ban sani ba, ba kuma wanda zan tambaya.

Ranar da zai tafi 'yarsa ta zo ta ɗaure masa kaya. Ina zaune a keke ina ɗinkin da ba na gaggawa ba, don kada in fita. Sai ga shi a bakin ƙofata ɗauke da kujerar, ya kwance ta daga motar.

"Riƙe abinka. Ba wanda zai iya zama a kai, kai aka auna."

Na raka su tasha. Ba mu iya doguwar sallama ba, shi ya ce in riƙa cin abinci, ni na ce ya riƙa shan magani. Kafin wata ya zagayo maigida ya fara gini a inda motar ta zauna, ɗakin Masta kuma wasu ma'aurata suka kama shi, masu kirki, suna gaishe ni. Bayan damina biyu wani direban Tamale ya tsaya a ƙofata ya yi mini ta'aziyya, ya ce Masta a cikin jikokinsa ya cika.

Kujerar tana nan a bakin ƙofata, na sake mata leda ba sau ɗaya ba. In an yi la'asar nakan rufe keke in zauna a kanta da shayina, ina kallon ƙafafun masu wucewa. Har yanzu daidai take da bayana, doron ma ya ƙara cika wurinsa. Zama cikinta ba wuya. In an kira magariba ne nake daɗewa, ina dafa bango, ina neman abin kamawa, don wanda ya ƙera ta bai yi mata hannu ba, ya san yana nan zai miƙo nasa.